Harajin da Miji Bai Shigar ba a Amurka, da Bizar Matar da Ke Jira a Katsina

An ɗaura aure a Katsina, an yi biki, ango ya yi makonni uku ya koma bakin aikinsa a Amurka. Amarya ta zauna a gidan iyayenta a Ƙofar Ƙaura, ko wajen surukai a Daura, tana jiran biza. Salla ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. In aka tambaya sai a ce ofishin jakadanci ne ke jan ƙafa. Jan ƙafar akwai shi, amma a gidaje da yawa ba shi ne ya tsayar da tafiyar ba. Abin da ya tsayar da ita bai ma shafi auren kansa ba: mijin ya yi shekara biyu ko uku bai shigar da bayanin harajinsa ga hukumar harajin Amurka, wato IRS, ba, kuma sai da aka zo gaɓar ɗaukar nauyi maganar ta fito fili.

Akwai dalilin da ya sa mutanenmu ke faɗawa wannan rami. A tunaninmu na gida, haraji abu ne da ake zuwa a karɓa. Mai unguwa ya bi gida-gida, dagaci ya tattara, hakimi ya miƙa, har zuwa 1979 da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta har 1987. Ma'aikacin gwamnati kuwa daga albashi ake cire masa, ba ya cike komai. Shi ya sa wanda ba a buga wa ƙofa ba yake ɗauka ba a binsa. A Amurka mutum ne da kansa zai zauna duk shekara ya lissafa abin da ya samu, ya cike fom 1040, ya aika zuwa ranar 15 ga Afrilu. Ko da kamfanin da yake wa aiki yana cire masa haraji duk wata, cike fom ɗin yana nan a wuyansa. IRS na iya yin shiru shekaru, amma shirun ba yafiya ba ne.

Ga yadda haraji ya shigo cikin maganar biza. Miji, ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin, yana fara da fom I-130 a hukumar shige da fice ta USCIS don tabbatar da auren. In an amince, fayil ya koma cibiyar biza ta NVC, daga nan kuma zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, inda ake ganawar bizar zama ta 'yan Najeriya. A matakin NVC ne ake neman fom I-864, takardar rantsuwar ɗaukar nauyi. A cikinta mijin yana ɗaukar wa gwamnatin Amurka alkawarin cewa matarsa ba za ta zama nauyi a kan baitulmali ba. Hujjar da ake karɓa a kan wannan alkawari ita ce harajinsa. (In matar ce 'yar ƙasar, mijin ke jira a gida, hukuncin ɗaya ne, sai dai a juya sunaye.)

Abin da fom ɗin ke nema a fili yake. Dole a haɗa bayanin harajin tarayya na shekarar da ta gabata. Na shekaru biyu kafin ta, haɗa takardunsu zaɓi ne, amma fom ɗin yana tambaya kai tsaye ko an shigar da na kowace shekara cikin ukun, kuma yana neman a rubuta jimillar kuɗin shiga na kowacce. Umarnin fom ɗin ya ce wanda doka ta wajabta masa shigarwa bai yi ba, sai ya fara shigar da na shekarun da ya bari, ya kawo shaida. Wanda kuma doka ba ta wajabta masa ba, sai ya rubuta bayanin dalili. A nan mutane ke ruɗin kansu. Marar aure da bai kai shekara 65 ba, ba ya cikin wajibci a 2024 in abin da ya samu bai kai dala 14,600 ba; a 2023 iyakar dala 13,850 ce, a 2022 kuma 12,950. Amma mai sana'ar kansa, kamar direban Uber ko mai kai kaya ko mai kitso, da zarar ribarsa ta kai dala 400 wajibi ya hau kansa. Mai aure da ke shigar da nasa daban da na matarsa, iyakarsa dala 5 ce kacal. Ke nan kusan duk wanda ya zo gida ya ɗaura aure, daga wannan shekarar ba shi da mafakar cewa samunsa bai kai ba.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata mai wannan matsala ya riƙe shi ne bambancin shigar da bayani da biyan kuɗi. Da yawa suna ƙin shigarwa ne don tsoron abin da za a ce su biya, suna jiran ranar da kuɗi za su taru a hannu. Wannan lissafi a juye yake. Fom I-864 yana neman shaidar an shigar, ba shaidar an gama biya ba. Ita ma IRS ta fi tsananta wa wanda bai shigar ba: tararsa kashi 5 cikin ɗari ce na harajin da ake binsa a duk wata, har ta kai kashi 25. Tarar wanda ya shigar amma bai biya ba rabin kashi ɗaya ce a wata. A ɗauka ana bin mutum dala 4,000. In bai shigar ba, cikin wata biyar tara ta kai dala 1,000. In ya shigar a kan lokaci bai biya ko sisi ba, tarar wata biyar ɗin dala 100 ce. A kan duka akwai kuɗin ruwa da ke hauhawa kullum, kuma ga Musulmin da ke gudun riba wannan kaɗai ya isa dalilin gaggawa, don kowace ranar jinkiri tana ƙara abin da yake gudu.

Wanda ba shi da kuɗin a dunƙule zai iya neman biya kaɗan-kaɗan da fom 9465, ko ta intanet in bashin bai wuce dala 50,000 ba, a raba masa wata-wata. Takardar amincewar IRS da rasiɗan biyan farko abu ne mai kyau a haɗa cikin fayil, don suna nuna mutumin ya kama hanyar gyara. Wanda shekaru uku kafin kuskurensa ba a taɓa cin tararsa ba zai iya roƙon a yafe masa tarar shekara ɗaya, kuma ana yafewa, sai dai kuɗin ruwan da ke kan asalin harajin ba ya faɗuwa. Wanda ya bar bashi ya yi girma kuwa yana wasa da fasfonsa: a 2025, bashin da ya haura dala 64,000 wanda ba a shiga yarjejeniyar biya a kansa ba yana iya sa ma'aikatar harkokin waje ta hana sabunta fasfo ko ta soke shi. Mutum ya wayi gari ba ya iya zuwa Katsina ganin matar, ita kuma ba ta iya zuwa wurinsa.

Akwai kuma waɗanda IRS ce ke riƙe da kuɗinsu ba su sani ba. Ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi sau da yawa an cire fiye da abin da ya hau kansa, kuma babu tara a kan wanda rara za a mayar masa. Amma wa'adin karɓar rarar shekara uku ne daga ranar da ya kamata a shigar. In ya wuce, kuɗin sun zama na gwamnati.

Aikin gyaran yana farawa da tattara takardu, ba da cike fom ba. Mutum ya buɗe asusunsa a shafin IRS, ya sauke bayanin albashi da kuɗin shiga na kowace shekara. Wannan bayani yana nuna duk W-2 da 1099, wato takardun shaidar albashi da na sauran kuɗin shiga, da kamfanoni da bankuna suka aika da sunansa, har zuwa shekara goma baya. In ba a iya buɗe asusun ba, fom 4506-T yana kawo shi ta gidan waya. Amfaninsa shi ne duk abin da ke ciki IRS ta riga ta sani, don haka bayanin da ya bar ko da 1099 guda zai jawo wasiƙa daga baya. Abu biyu ne ba ya nunawa: harajin jiha da aka cire, da kuɗin da aka karɓa hannu da hannu. Na biyun sai a bi bayanan banki wata-wata a fitar da shi, don doka ba ta ware shi ba.

Kowace shekara da fom ɗinta da ƙa'idojinta. Ba a cike harajin 2022 a kan fom ɗin 2024. Shekarar da ake ciki da biyu kafin ta ana iya aika su ta intanet ta hannun ƙwararren mai shirya haraji, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri, sai dai ana rufe ta daga ƙarshen shekara zuwa cikin Janairu. Waɗanda suka girmi haka sai a takarda: kowace shekara a ambulan ɗinta, da sa hannu na biro, a aika da rajista a ajiye rasiɗi. Mantuwar sa hannu kaɗai tana mayar da takarda baya, a yi asarar wata biyu. Shekaru nawa za a koma? Don biza, ukun baya. Don daidaitawa da IRS, a al'adarta shekaru shida take nema. Wanda zai yi gyara gara ya yi shi gaba ɗaya, domin tambayar haraji za ta sake dawowa ranar da mai katin zama zai nemi zama ɗan ƙasa. Harajin jiha ba ya cikin abin da I-864 ke nema, amma mazaunin Nuyok ko Merilan yana da nasa bashin a can. Mazaunin Tekzas ba shi da harajin kuɗin shiga na jiha.

A kula da wanda za a ba aikin. Duk mai shirya haraji don kuɗi dole yana da lambar rajistarsa ta IRS, wato PTIN, kuma dole ya sa hannu a kan fom ɗin. Wanda ya cike ya ƙi sa sunansa, ko ya yanke ladansa bisa girman rarar da zai samo, a guje shi, don mai fom ne zai amsa tambaya ba shi ba.

Sai maganar matsayin aure, wadda a nan ne fayiloli masu kyau ke lalacewa. Dokar haraji tana duba ranar 31 ga Disamba: wanda yake da aure a ranar, mai aure ne a duk shekarar, ko da ranar 28 aka ɗaura a masallacin Juma'a na Daura, ko da amarya ba ta taɓa taka filin jirgi ba. Amma da yawa suna ci gaba da zaɓar "marar aure", wasu bisa rashin sani, wasu bisa shawarar mai cike fom da ya ce ai matar ba ta ƙasar. Sai jami'in biza ya buɗe fayil ya ga rantsuwa biyu daga mutum ɗaya: a I-130 ya ce ya yi aure a 2023, a harajin 2023 da 2024 ya ce shi gwauro ne. Aikin jami'in shi ne tantance ko auren na gaske ne, kuma an miƙa masa dalilin shakka da hannu. Wanda ya riga ya yi haka sai ya gyara da fom 1040-X, wanda kan ɗauki makonni 8 zuwa 12, wani lokaci 16.

Hanyoyin da suka halatta uku ne. Mafi sauƙi, ya shigar a matsayin mai aure da ke shigar da nasa daban, ya rubuta sunan matar, a gurbin lambarta ya sa NRA, alamar baƙuwa ce da ba ta zaune a ƙasar. Wasu manhajoji ba sa karɓar wannan, sai an buga a takarda. Harajin ya fi nauyi ta nan, amma babu jira. Hanya ta biyu, su shigar a haɗe, su rubuta takardar zaɓin a ɗauki matar kamar mazauniya don haraji. Rangwamen, wato kason samu da ba a biya wa haraji, ya ninka, dala 29,200 a 2024 maimakon 14,600, amma da sharuɗɗa: duk abin da matar ke samu a Najeriya, albashin koyarwa ne ko cinikin atamfa, ya shiga lissafi, dole ita ma ta sa hannu, kuma sai an nema mata lambar mai biyan haraji ta ITIN da fom W-7. Wannan fom yana buƙatar fasfonta na asali, ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta tabbatar, ko tantancewar wakilin da IRS ta amince da shi, kuma daga ƙasar waje yakan ɗauki makonni 9 zuwa 11. Tura fasfon matar da ke jiran kiran ganawa zuwa Amurka ta gidan waya kasada ce da ba ta da daɗi. In lokaci ya matse, a fara da hanya ta farko. Doka ta ba da shekara uku a juya zuwa ta haɗe, a karɓi bambancin. Hanya ta uku, matsayin shugaban gida, ta mai ɗa ne ko wani da ya cancanta da ke ƙarƙashin kulawarsa. Matar ita kaɗai ba ta ba shi wannan matsayi.

Yanzu ga zuciyar al'amarin. Lamba ɗaya ce ofisoshi biyu ke karantawa, kuma kowanne yana jan mutum ta ɓangare daban. A gaban IRS, ƙaramin kuɗin shiga yana nufin ƙaramin haraji. A gaban jami'in biza, ƙaramin kuɗin shiga yana nufin ba ka isa ɗaukar nauyi ba. Ma'aunin shi ne kashi 125 cikin ɗari na layin talauci na gwamnatin tarayya, gwargwadon yawan mutanen gida. A jadawalin 2025, gidan mutum biyu dala 26,437 ne, na uku 33,312, na huɗu 40,187, ban da Alaska da Hawai da nasu ya fi haka. Ana sabunta jadawalin duk shekara a fom I-864P. Abin da ake dubawa a 1040 shi ne layin jimillar kuɗin shiga, layi na 9 a fom ɗin 2020 zuwa 2024, ba kuɗin da suka ratsa asusun banki ba.

A ɗauki direban Uber da kuɗin da suka shigo masa a 2024 suka kai dala 58,000. Ya yi tafiyar mil 40,000 ta aiki, a kan santi 67 kowane mil da IRS ta yarda a cire a shekarar, dala 26,800 ke nan. Kason kamfani da waya da sauransu suka ci 9,000. Abin da ya rage, dala 22,200, shi ne zai hau layi na 9. A idonsa da idon danginsa shi mai dala dubu hamsin da takwas ne. A idon jami'in biza ya gaza ma'aunin gidan mutum biyu da dala 4,237. Kuma a kan wannan ribar akwai harajin mai sana'ar kansa na kashi 15.3, kimanin dala 3,137, kafin a zo harajin kuɗin shiga. Ma'aikacin kamfani yana da sauƙi: in albashinsa na yanzu ya fi na bara, wasiƙar wurin aiki da takardun albashi na wata shida suna cike giɓi. Mai sana'ar kansa ba shi da wannan sauƙi sosai, don harajinsa ne babbar shaidarsa.

A wannan gaɓa ake kawo wa mutum shawarar banza: ya ƙara kuɗin da bai samu ba don lamba ta kai, ya biya ɗan harajin da zai ƙaru. Duka 1040 da I-864 bisa rantsuwa ake sa musu hannu, kuma ƙarya a cikinsu laifi ne. Haɗarin ba a kan mijin kaɗai yake ba. Bayanin da aka shigar a makare, shekaru uku a rana ɗaya, kowanne da lambar da ta ɗan haura ma'auni kaɗan, ba W-2 ba 1099 ba bayanan banki, shi ne irin wanda ke sa a nemi ƙarin hujja. Matar da ba ta san komai ba ita za ta tsaya gaban taga a Legas.

Hanyoyin halal suna nan. Dukiya tana cike giɓi: ga matar ɗan ƙasa ana neman ninki uku na abin da ya gaza, ga matar mai katin zama ninki biyar. Direban can, in ɗan ƙasa ne, ajiyar dala 12,711 ta wadatar. Sharaɗin shi ne dukiyar da za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara ɗaya, kuma in a waje take, a iya fitar da ita zuwa Amurka. Fili a bayan gari da takardar dagaci kawai, ko garken shanu a ruga, da wuya su gamsar. Ko kuma a samo mai ɗaukar nauyi na biyu: ɗan ƙasa ko mai katin zama, ɗan shekara 18 zuwa sama, mazaunin Amurka, wanda samunsa shi kaɗai ya isa gidansa har da matar. Ba dole ya zama ɗan uwa ba. Amma samo mai ɗaukar nauyi na biyu ba ya ɗauke wa miji komai: mijin zai cike nasa I-864, zai kawo nasa harajin. Kuma wanda za a roƙa wannan alfarma ya cancanci a faɗa masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu. Alkawarin yana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zango 40 na aiki, kimanin shekara goma, ko ta bar Amurka ta ajiye katin, ko mutuwa ta zo. Saki ba ya warware shi. A wurinmu ciyarwa tana ƙarewa da ƙarewar idda. A kotun Amurka matar da aka saka tana iya neman haƙƙinta bisa wannan takarda, daga mijin ko daga wanda ya tsaya masa.

Yawan mutanen gida ma tarko ne. Duk wanda aka rubuta a haraji a matsayin wanda ake ciyarwa yana shiga ƙidayar I-864, yana ɗaga ma'auni. Wasu masu cike fom suna sa 'ya'yan yayye da ƙanne don rara ta yi kauri. Yaron da ke zaune a Mashi ko Mai'aduwa, wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, doka ba ta yarda a rubuta shi ba ko da kai ke biya masa kuɗin makaranta da na abinci. Zumunci ne mai lada, amma ba ya shiga fom.

Akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da su ba: 'yan ƙasar Amurka da ke zaune a nan gida. Wasu an haife su can lokacin da iyayensu ke karatu, suka taso a Katsina, yanzu suna koyarwa a jami'a ko aikin asibiti ko kasuwanci, ba su taɓa cike 1040 ba. Amurka tana bin ɗan ƙasarta bayanin haraji a duk inda yake, a kan duk abin da ya samu. Takardar shaidar biyan haraji ta Jihar Katsina ba ta maye gurbinsa. Galibi ba za a bi su komai ba, don fom 2555 yana ware albashin waje har dala 126,500 a 2024, ko fom 1116 ya lissafa harajin da aka biya a Najeriya. Sai dai ɗan kasuwa ko mai asibitin kansa zai biya kashi 15.3 ɗin nan, saboda babu yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ta ɗauke shi. Ga kuma rahoton FBAR, wanda ya wajaba in jimillar asusun bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya a shekara. In dala tana naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan, kuɗin da kan ratsa asusun mai sayen hatsi a kaka ɗaya. IRS tana da tsarin sassauci ga mazauna waje da ba da gangan suka bari ba: bayanin haraji na shekara uku, FBAR na shekara shida, da fom 14653 na bayanin dalili, babu tara, sai asalin haraji da ruwansa in akwai.

Gyara haraji bai gama musu aiki ba. Albashin naira da zai tsaya ranar da aka bar Katsina ba ya shiga ma'auni, don haka kusan kullum sai da dukiya ko mai ɗaukar nauyi na biyu. Sannan dole mijin ya nuna mazauninsa Amurka ne, ko zai koma can kafin matar ko tare da ita: takardar haya, tayin aiki, asusun banki, neman wa yara makaranta. Wannan sharaɗi babu wanda zai cika masa. Mai katin zama da ya daɗe a gida kuma ya yi hattara da fom 1040-NR na baƙi, don shigar da shi ana iya ɗaukarsa shaidar ya yi watsi da zamansa.

Lokaci shi ne abin da ya fi tsada. Takardar da aka fi so ita ce taƙaitaccen bayanin da IRS ke fitarwa daga rumbunta, wanda masu harkar ke kira tiranskirif. Yakan fito makonni biyu zuwa uku bayan aikawa ta intanet, ta takarda kuwa makonni shida ko fiye, na tsofaffin shekaru har ya fi haka. Ba dole a jira shi ba: cikakken kwafin 1040 da duk rassansa da kowane W-2 da 1099 yana wadatarwa, a haɗa da shaidar aikawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora shafi biyun farko kawai, sai NVC ta mayar, a sake bin layi. Wanda ya shigar a haɗe da mata ya haɗa W-2 nasa ko da yana da tiranskirif, don a ga nasa kason. In watan Afrilu ya ratsa tsakanin kammala fayil da ranar ganawa, matar ta tafi da na sabuwar shekara a hannu. In abu ya gaza a ganawa, takardar 221(g) ta neman ƙarin hujja za a ba ta, fayil ya tsaya. Daga Katsina zuwa Legas fiye da kilomita dubu ne, da kuɗin jirgi da masauki da na ɗan rakiya, gwajin asibiti kuma yawanci wata shida yake aiki, in ya ƙare sai a sake biya. Fayil da aka bari shekara guda ba a taɓa ba ana iya fara shirin rufe shi. Ƙofar bizar kanta ba kullum take buɗe ba: a Fabrairun 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021. Miji ba shi da iko a kan irin wannan, amma yana da iko a kan harajinsa, kuma watannin da I-130 ke kwance a USCIS su ne lokacin gyara shi, ba ranar da wasiƙar NVC ta iso ba.

Dangin amarya suna da rawar takawa, duk da kunyar surukuta. Uba ba zai kira suruki ya tambaye shi harajinsa ba, kuma bai kamata ya zama abin tozarci ba. Amma yayan amarya, ko kawun da ya karɓi waliccin aure, ko abokin ango, zai iya cewa cikin mutunci: "Malam, na shekara ukun nan duk an shigar? Me aka sa a wajen aure?" Ita ma matar tana da haƙƙin ganin takardun, don ita za a tambaya aikin mijinta da inda yake zaune da abin da yake samu. Ya turo mata kwafin I-864 da na harajin, ta buga su a takarda, ta duba cewa sunanta a cikinsu ya yi daidai da na fasfonta harafi da harafi, musamman in a wani wuri an rubuta sunan mahaifi, a wani kuma sunan miji ko na gari.